Shari'ar Bankin Savannah da Ajilo: jinginar gida ba tare da amincewar gwamna ba

A shekarar 1965 wani mutum mai suna Ajilo ya mallaki fili a unguwar Mushin da ke Legas, da cikakkiyar takardar mallaka. A tsarin da ake bi a Kudu a wancan zamani, wanda ya sayi fili ta wannan hanya ya zama nasa har abada. In ya ga dama ya sayar, ya kyautar ko ya jinginar, ba ya neman iznin kowa.

Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Sashe na 1 ya ɗauki dukkan ƙasar kowace jiha ya danƙa a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Najeriya baki ɗaya. Ba a kori kowa daga gidansa ba. Sashe na 34 ya ce wanda yake da fili mai gini a cikin birni kafin zuwan dokar zai ci gaba da riƙe abinsa, tamkar dai gwamna ne ya ba shi haƙƙin zama a kai. Mutane da yawa, har da manyan lauyoyi, sun ɗauka maganar ta tsaya nan: tsofaffin masu gidaje suna nan yadda suke, sababbin masu neman fili ne za su riƙa sintiri a ofishin gwamna.

Da wannan fahimta aka sa hannu kan takardar jingina a watan Satumba 1980. Kamfanin Ammels Photo Industries yana cin bashi a Bankin Savannah, Ajilo kuma ya ba da gidansa na Mushin jingina a kan dukkan abin da banki zai bi kamfanin. Lateef Jakande ne gwamnan Legas a lokacin. Ba wanda ya kai takardar gabansa, ba mai gida ba, ba banki ba.

Kafin a shiga kotu, yana da kyau a lura cewa alƙawari biyu ne aka ƙulla a nan, ba ɗaya ba, domin duk shari'ar a kan wannan bambancin ta rataya. Na farko yarjejeniyar rance ce tsakanin banki da kamfani: ga kuɗi, ga ruwan da za a ɗora, ga lokacin biya. Dukkan abin da doka ke nema kafin yarjejeniya ta ƙullu yana nan, an yi tayi an karɓa, kowane ɓangare ya ba da wani abu, kuma duka sun yi nufin abin ya hau kansu a gaban shari'a. Na biyu ita ce jinginar, wadda ke ba banki iko a kan wata dukiya takamaimai, ya sayar da ita in an kasa biya ba tare da ya jira layin sauran masu bin bashi ba. Kamfani kuwa a idon doka mutum ne mai zaman kansa, bashinsa ba bashin masu shi ba ne. Shi ya sa banki ba ya gamsuwa da sa hannun kamfani kawai, sai ya ce a kawo gidan wani mai rai. Idan jinginar ta faɗi, abin da ya rage wa banki shi ne alƙawarin kamfanin da ya riga ya nuna ba ya iya biya.

Haka kuwa aka yi. Bashi ya taru, ba a biya ba, banki ya ba da sanarwar zai yi gwanjon gidan bisa ikon da takardar jingina ta ba shi. Ajilo da kamfanin suka garzaya Babbar Kotun Legas. Ba su ce ba su ci kuɗin ba. Ba su ce an yaudare su ko an tilasta musu sa hannu ba. Hujjarsu guda ce: sashe na 22 na dokar 1978 ya hana mai haƙƙin zama a fili ya sayar, ya jinginar ko ya miƙa shi ga wani sai da amincewar gwamna tun da farko, sashe na 26 kuma ya ce duk wata mu'amala ko takarda da ta ba wani haƙƙi a kan ƙasa ba bisa tanadin dokar ba, ɓatacciya ce, ba ta da wani ƙarfi. Tunda ba a nemi amincewar ba, in ji su, babu jingina, saboda haka babu ikon sayarwa.

Babbar Kotu ta ba su gaskiya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar. Banki ya wuce Kotun Ƙoli, ya ɗauki Cif Rotimi Williams, ɗaya daga cikin lauyoyi biyu na farko da aka ba muƙamin SAN, wato Babban Lauyan Najeriya.

Hujjar da ya kawo ba ta wasa ba ce. Ya ce a karanta sashe na 22 da kyau: yana magana ne a kan haƙƙin zama wanda gwamna ya bayar. Ajilo kuwa gwamna bai ba shi komai ba, da kuɗinsa ya mallaki filinsa shekara 13 kafin a san za a yi dokar. Sashe na 34 ya ce a ɗauke shi kamar wanda aka ba, amma ɗauka kamar an ba mutum daban, ba shi ɗin daban. Akwai kuma abin da ke ƙarfafa wannan fahimta a cikin sashe na 34 ɗin kansa, domin ya fito fili ya ce filin da ba a gina ba ba za a miƙa shi ga wani ba sai da rubutacciyar amincewar gwamna, bai faɗi haka a kan fili mai gini ba. Da masu rubuta dokar sun so su haɗa duka, me ya hana su faɗa? Ya kuma ja hankalin kotu ga abin da zai biyo baya: dubban jinginar da bankuna suka karɓa tun 1978 a kan tsofaffin gidaje za su zama takardun banza.

Ranar 27 ga Janairu 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, Mai Shari'a Andrews Obaseki ne ya karanta babban hukuncin. Kotun ta ce ba a karanta sashe ɗaya a ware, dokar gaba ɗaya ake kallo da abin da aka yi ta dominsa. Manufarta ita ce a mayar da riƙon ƙasa tsari guda a ƙarƙashin gwamna. Idan aka ce tsofaffin masu gidaje ba sa buƙatar amincewa, an raba ƙasar birni gida biyu ke nan, wadda gwamna ke da ta cewa a kanta da wadda ba shi da ita, kuma mafi tsadar filayen Legas suna cikin kashi na biyun. Saboda haka wanda doka ta ɗauka kamar an ba shi da wanda aka ba da gaske, hukuncinsu ɗaya. Jinginar 1980 ta ɓaci, gwanjo ya haramta.

Abin da ya fi jan hankalina a hukuncin shi ne alƙalin bai ɓoye damuwarsa ba. Ya yarda cewa laifin farko na mai gida ne, domin a kansa doka ta ɗora neman amincewar. Ya yarda da Cif Williams cewa wannan sharaɗi zai shaƙe harkar kasuwancin masu gidaje da ke neman rance da dukiyarsu, ya ce sassan suna buƙatar gyara cikin gaggawa. Duk da haka ya ga lafazin dokar ya fito ƙarara, bai bar wa kotu ƙofar da za ta bi ta hana mai laifi cin ribar laifinsa ba.

A ganina kotu ta yi daidai a rabi na farko, ta yi kuskure a rabi na biyu. Fassarar da ta yi wa sashe na 22 da na 34 ita ce ta dace da manufar dokar, ko mutum yana son dokar ko ba ya so. Amma tambayar ko jingina tana buƙatar amincewa daban take da tambayar wa ke da bakin da zai zo kotu ya kafa hujja da rashin amincewar. Gwamna yana da wannan bakin, domin ikonsa aka tsallake. Wani mai saye na gaskiya da abin ya shafa yana da shi. Mutumin da doka ta ce shi zai nemo iznin, bai nemo ba, aka ba da kuɗi bisa amanar sa hannunsa, aka kashe, shi ne bai kamata a saurara masa ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma ba sabuwar magana ba ce a kotunan ƙasar nan. Tun 1962, a shari'ar Solanke da Abed wadda ta taso daga Arewa, kotu mafi girma ta tarayya a lokacin ta ƙi yarda mai gida ya kafa hujja da rashin amincewar gwamna a kan ɗan hayar da shi da kansa ya saka, alhali shi ne bai nemo amincewar ba.

Ba mamaki wannan tsohuwar hujja ta fito daga Arewa, domin sharaɗin amincewa a nan ya girmi 1978 nesa ba kusa ba. Turawan mulki sun kafa shi a dokar ƙasa ta 1910 da ta 1916, Dokar Riƙon Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta gaje shi, inda mai takardar gwamnati ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da yardar minista. Dokar 1978 a kan wannan tsarin na Arewa aka gina ta, aka shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya. Lauyan banki a Kano ko Kaduna ya saba da kai takarda ma'aikatar filaye tun kafin a haifi dokar. A Legas da Ibadan ne abin ya zo baƙo, can ne kuma aka fi jin zafinsa.

Wanda ya karanta fiƙihu ma ba zai ga baƙon abu a ainihin ƙa'idar ba. Aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta ambaci jingina abar karɓa a hannu, kuma a mazhabar Malikiyya jingina tana ƙulluwa da magana, amma idan mai bin bashi ya yi sakaci bai karɓi abin ya riƙe ba har wanda ake bi ya mutu ko ya karye, ba shi da fifiko, sai ya shiga sahun sauran masu bin bashi. Wato alƙawarin jingina abu ne, cika ta wani abu ne. A dokar zamani amincewar gwamna da biyan kuɗin hatimi da rajista a ofishin filaye su ne suka maye gurbin karɓa a hannu, tunda mai gida yana nan zaune cikin gidansa. Bambancin shi ne malaman Malikiyya sun ce tun daga ƙulla magana mai bin bashi yana da ikon tilasta wa mai jingina ya miƙo abin, ba a bar shi ya ce tunda ban miƙa ba babu komai tsakaninmu.

Bayan hukuncin 1989 masu cin bashi suka gano hanya. Duk wanda banki ya sa gidansa a gwanjo, abin da lauyansa zai fara dubawa shi ne shafin amincewa. Kotun Ƙoli da kanta ta fara neman yadda za ta rage ɓarnar. A 1995, a shari'ar kamfanin Awojugbagbe Light Industries da Chinukwe, an sa hannu kan takardar jingina da bankin raya masana'antu na NIDB, amincewar gwamna ba ta fito ba sai bayan shekaru, kamfanin ya ce ai doka ta ce amincewa tun da farko. Kotu ta ƙi. Ta ce ciniki a kan ƙasa hawa biyu ne: hawan yarjejeniya, da hawan miƙa haƙƙi. Mutane suna da 'yancin su daidaita, su rubuta, su sa hannu, takardar tana nan a rataye har gwamna ya amince, sannan ta fara aiki. Hankali ma ya ba da haka, domin sashe na 22 ya ba gwamna damar ya ce a kawo masa takardar da aka sa wa hannu ya gani, ba zai amince da abin da babu shi ba. A 1996, a shari'ar Ugochukwu da bankin Cooperative and Commerce, kotun ta ƙara matsawa, ta nuna cewa mai jinginar da ya ci kuɗi ba zai juyo ya rushe jinginar da hujjar aibin amincewar da shi ne ya kamata ya nemo ba.

Da a nan aka tsaya da an huta. Sai ga shari'ar Union Bank da kamfanin Ayodare and Sons a 2007. A wannan karon an nemi amincewa, an kuma samu takarda daga ma'aikatar filaye. Matsalar ita ce wanda ya sa hannu. Sashe na 45 ya yarda gwamna ya wakilta kwamishina, amma takardar wani jami'i na ƙasa da kwamishina ne ya sa mata hannu, kuma ƙa'ida ita ce wakili ba ya naɗa wakili sai an ba shi izni. Kotun Ƙoli ta ce babu ingantacciyar amincewa, ta koma kan hukuncin Ajilo, jinginar ta faɗi. Wannan ya fi na farko ciwo, domin bankin bai yi sakacin nema ba, aikin cikin gida na ma'aikata ne ya kayar da shi. Tun daga nan lauya mai hankali ba ya tsayawa ga ganin hatimi, sai ya bi sunan wanda ya sa hannu da muƙaminsa da takardar da ta ba shi iko.

Wa ya biya kuɗin wannan duka? Ba bankuna ba. Banki ya yi asara sau ɗaya ya koyi darasi, ya mayar da nauyin kan wanda zai zo gobe. A yau ɗan kasuwa zai shiga da takardar gidansa, wato C of O, shaidar haƙƙin zama da gwamna ke bayarwa, yana neman kuɗin sayo kaya kafin azumi, ma'aikacin banki ya juya ta gaba da baya ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, wannan C of O ɗin ai ba sunanka ba ne a kai." Alhaji ya ce wajen mai sunan ya saya shekara da shekaru, ga takardar ciniki, ga shaidu. A ce masa sai an nemo amincewar gwamna a kan sayen tukuna, a mayar da suna, sannan a sake neman wata amincewar a kan jinginar, kowacce da kuɗinta, ga kuɗin mai kimanta gida, ga na hatimi, ga na rajista, duk daga aljihunsa, kuma ba za a saki ko sisi ba sai an kammala. Kafin fayil ya zagayo an yi Sallah. Ofisoshi irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna da AGIS a Abuja an kafa su ne domin a tsara bayanan filaye a kwamfuta a rage wannan wahala, amma sharaɗin kansa yana nan daram.

Wannan misali ya nuna cewa hukuncin bai tsaya kan jingina ba, ya shafi saye da sayarwa. Sashe na 22 bai bambanta su ba. Yadda aka saba cinikin gida a garuruwanmu, a zauna a zaure, dillali ya yi ta kai gwauro yana kai mari har a sallama, a rubuta takarda, mai unguwa ya buga hatimi, shaidu su sa hannu, a ba da la'ada, a yi fatiha, a miƙa tsohuwar takardar mallaka da makullai. Wannan ciniki ba banza ba ne. Kotuna suna kare wanda ya biya kuɗi ya kuma shiga gida, suna ba shi haƙƙi na adalci, wato kariyar da kotu ke bayarwa ko da sunansa bai hau takarda ba, kuma bisa hukuncin 1995 yarjejeniyar tana nan da ranta tana jiran amincewa. Sai dai cikakken haƙƙi na doka bai bar hannun mai sayarwa ba. Sunansa ne a rajistar gwamnati. In ya rasu, magada za a bi a roƙa su sa hannu, wani daga cikinsu yana iya cewa bai san zancen ba. Kuskuren da na fi gani shi ne mai saye ya biya kuɗi duka ya bar maganar amincewa sai wani lokaci. Ranar da kuɗi ke hannunsa ita ce ranar da yake da ƙarfi: a ranar ya kamata mai sayarwa ya sa hannu kan takardar neman amincewa, a rubuta a cikin yarjejeniya cewa wajibinsa ne ya taimaka har ta fito, in da hali a riƙe wani kaso na kuɗin sai an gama. Doka ta ce mai sayarwa ko mai jinginarwa ne zai nema, amma wanda zai yi asara in ba a nema ba shi ne ɗaya ɓangaren, don haka shi ya kamata ya ɗauki fayil ɗin ya bi da ƙafarsa.

Idan kamfani ne mai gidan akwai ƙarin mataki. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a yi wa jinginar rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni cikin kwana 90, in ba haka ba ba ta da ƙarfi a kan wanda aka naɗa ya raba dukiyar kamfani in ya karye, da sauran masu bin bashi, ko da yake bashin kansa yana nan.

Gyaran da Mai Shari'a Obaseki ya nema a 1989 har yau bai zo ba. Dalili babba shi ne sojoji sun saka dokar cikin tsarin mulkin 1979, aka maimaita a sashe na 315 na tsarin mulkin 1999, ta yadda ba a taɓa ta sai ta hanya mai tsauri irin ta gyaran tsarin mulki, wadda ke buƙatar yardar majalisun jihohi, gwamnoni kuwa ba sa son sakin iko da kuɗin shigar da amincewa ke kawo musu. A 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudurin da zai cire jingina daga cikin abubuwan da ke buƙatar amincewar gwamna, ya kuma kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje. Ƙudurin bai zama doka ba. Ni kuwa ina ganin wannan shi ne gyaran da ya fi sauƙin karewa, domin mai jingina bai rabu da gidansa ba, yana ciki, kuma in aka kai ga gwanjo dole mai saye ya nemi amincewa a lokacin, ikon gwamna bai ragu da komai ba.

Inda aka samu motsi shi ne ɓangaren dukiyar da ake iya ɗauka. A watan Mayu 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu kan dokar jinginar kadarori masu motsi, wadda ta ba da gindin zama ga rajistar jingina ta ƙasa da ke ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya. A ƙarƙashinta manomi ko ƙaramin ɗan kasuwa yana iya jinginar da injin niƙa, mota, shanu, amfanin gona, hajar shago ko kuɗin da yake bin abokan ciniki, abin kuma yana hannunsa yana aiki da shi. Mai ba da rance ne ke shigar da sanarwa ta intanet, ba a jiran sa hannun gwamna ko kwamishina, kuma idan mutum biyu suka yi jayayya a kan abu ɗaya, lokacin rajista ake dubawa a san wa ke gaba. Mai sayen tsohuwar tarakta ko injin casar shinkafa shi ma yana iya bincikawa a rajistar kafin ya biya, ya ga ko akwai bashin wani a kanta.